Inda Bature Ya Ce Harshe, Bahaushe Baki Yake Kamawa: Darussa Daga Fassarar Kalmar "Tongue"

Kalmar "tongue" tana cikin kalmomin da mai koyon fassara ke ɗauka ya gama da su tun ranar farko. Ƙamus ya ce harshe, shi ke nan. Kuma ƙamus bai yi ƙarya ba. Tsokar da ke cikin baki harshe ce, abin da al'umma ke magana da shi ma harshe ne, Turanci kuwa ya haɗa biyun a kalma guda kamar yadda Larabci ya haɗa su a lisani. Har wutar da ke tashi tana lasar sama, Bature ya ce "tongues of flame", mu kuma mu ce harsunan wuta. To wannan dacewar ita ce tarkon. Da mutum ya ga ma'ana uku sun faɗa daidai sai ya saki jiki, ya riƙa zuba harshe duk inda ya ci karo da kalmar, alhali a mafi yawan maganganun hikima da ke ɗauke da ita, Bahaushe baki yake ambata.

Kafin a kai can, furucin kansa yana kayar da mutane. Gaɓa ɗaya ce tak. Haruffa biyun ƙarshe ba a karanta su, kuma a daidaitaccen furuci ba a sakin "g" ɗin ta fito ita kaɗai, cikin hanci sautin ke ƙarewa, kamar ƙarshen "young" da "lung". A tsohon Turanci "tunge" ake rubuta ta, 'yar uwar "Zunge" ta Jamusanci, kuma tushensu ɗaya da "lingua" ta Latin, wadda ta haifi "langue" ta Faransanci, daga can Turanci ya samo "language". Noah Webster, mai ƙamusun nan na Amurka, ya gwada daidaita rubutun zuwa "tung" a farkon ƙarni na 19, jama'a suka ƙi karɓa. Mai fassarar baki da baki kuma ya kasa kunne sosai, domin "tongs" wata kalma ce daban, ita ce awartaki ko abin ɗaukar garwashi da nama.

A ma'anar yare, "tongue" ta tsufa. Ba a cewa malamin "English tongue", ba kuma a cika fom ana cewa mutum yana jin "tongues" uku. "Language" ake sa wa a nan. Inda take da rai sosai shi ne "mother tongue" da "native tongue", sai rubutun adabi da na addini. Harshen uwa ya riga ya zauna a Hausa, musamman a bakin malaman makaranta, tun da manufar ilimi ta Nijeriya ta 1977 ta yi maganar koyar da yara 'yan farkon firamare da shi, ga kuma ranar 21 ga Fabrairu da UNESCO ta ayyana a 1999 a matsayin ranar harshen uwa ta duniya, domin tunawa da ɗaliban da aka kashe a Dhaka, babban birnin Bangladesh na yanzu, a 1952 kan harshen Bangla. Abin lura ɗaya ne: ma'anar ita ce harshen da yaro ya buɗi baki da shi, ko da ba na mahaifiyarsa ba ne. Yaron da uwarsa Bafulatana ce amma ya tashi a Fagge yana Hausa, Hausa ce "mother tongue" ɗinsa.

Yanzu ga inda aikin yake. "Hold your tongue" kama bakinka ne, ko ja bakinka ka yi shiru. Wanda ya rubuta riƙe harshenka ya yi Turanci da haruffan Hausa. Umarni ne mai kaushi, na babba ga yaro, kuma ya ɗan tsufa a bakin Turawan yau. Idan aka ba da labari da shi, "she held her tongue", kaushin ya tafi, saura kawai ta kame bakinta.

"Bite your tongue" ya fi wahala, don fuska uku gare shi. Akwai cizon harshe na gaskiya, wanda likita zai tambaya a kai idan an kawo mai farfaɗiya. A nan ya ciji harshensa daidai ne, kada a taɓa shi. Akwai ta biyu, mutum yana da maganar faɗa, tana cin sa, amma ya danne: ya haɗiye maganar, ya cije bai tanka ba. Bambancinta da "hold" shi ne zafin dannewar, kuma fassarar da ta ce ya yi shiru kawai ta zubar da rabin ma'anar. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne hannu ya zame zuwa cizon yatsa, saboda kalmar cizo ta ja hankali. Cizon yatsa nadama ce, bayan an riga an yi abu. Wanda ya yi "bite his tongue" bai faɗi komai ba tukuna, balle ya yi da-na-sani. Fuska ta uku a Amurka aka fi jin ta: wani ya yi mugun fata, a ce ana shirin biki ya ce ruwa zai ɓata taron, sai a katse shi da "bite your tongue!" Hausa tana da abin da ya zauna a gurbin nan daram: bakinka ya sari ɗanyen kashi.

"Slip of the tongue" na cikin wurare kaɗan da harshe ke iya tsayawa, don ana cewa tuntuɓen harshe. Amma suɓutar baki, ko suɓul da baka, sun fi yawo a bakin mutane, kuma akwai ɗan bambanci da ya kamata a kiyaye. Tuntuɓe ya fi dacewa da wanda ya so cewa Talata ya ce Laraba. Suɓul da baka yana ɗauke da ƙanshin cewa abin da aka ɓoye ne ya kufce. A rahoton siyasa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da zaɓin kalma kaɗai mai fassara na iya ɗora wa mutum asirin da labarin asali bai ce yana da shi ba. A Turancin kuma "the" ake sawa, ba "my" ko "his" ba, saɓanin "hold" da "bite" da ke bin mai magana.

"On the tip of my tongue" ba shi da tagwai a Hausa, kuma babu laifi. Halin nan ne da suna ke maƙale wa mutum, ya san shi, yana jin harafin farko, amma ya ƙi fitowa. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Roger Brown da David McNeill, sun yi nazarinsa a 1966, suka nuna cewa mai wannan hali sau da yawa yana iya faɗin harafin farko da yawan gaɓoɓin kalmar da ta ɓace masa. Sunan yana bakina, ya kwanta mini, yanzu zan tuna: kowanne ya wadatar. A kan tsinin harshena dai babu mai faɗa.

Wanda ya fi kowanne ɓarna shi ne "tongue in cheek". Ma'anarsa magana ce da aka yi da fuska a ɗaure amma wasa ake nufi. Idan labari ya ce minista ya faɗi abu "tongue in cheek", aka watsar da wannan guntun saboda an rasa yadda za a yi da harshe a cikin kunci, to an mai da raha ta zama sanarwar gwamnati. Hausa tana da kalmomi da dama a wannan fage, sai dai kowacce da nauyinta. Zolaya da raha su ne mafi kusa. Gatse ya dace idan an faɗi kishiyar abin da ake nufi. Shaguɓe da habaici kuwa suna da wanda ake harbi, akwai ƙaya a cikinsu, "tongue in cheek" kuma sau da yawa babu wanda yake nufi da sharri. A ganina cikin zolaya ne ya fi aminci idan ba a ga fuskar mai maganar ba.

Sauran ba sa bukatar dogon bayani. "Sharp tongue" kaifin harshe ne, ya dace. "Forked tongue", daga harshen maciji mai reshe biyu, baki biyu ne. "Tongue-lashing" wankin babban bargo. "Set tongues wagging" ya jawo tsegumi, ko ce-ce-ku-ce idan a fili ake yi. "Cat got your tongue?" babu ruwansa da kyanwa, ba ka da baki ne kawai ake nufi, kuma yaro ko tsara ake ce wa. "Stick out your tongue" gwalo ne a filin wasa, a asibiti kuwa fito da harshenka ne. "Silver tongue" ne ke bukatar a duba gaba da baya: in yabo ake, fasahar magana ce, in ana gargaɗi a kan dillali ko saurayi, daɗin baki ne.

Kalmomi biyu masu kama da juna sun cancanci a tsaya a kansu. "Tongue-tied" a hira shi ne wanda kunya ko kwarjinin wani ya ɗaure masa baki ya kasa cewa uffan. Ba in'ina ba ce, don mai in'ina ko shi kaɗai ne da ɗan uwansa yana yi. "Tongue-tie" a takardar asibiti kuwa lalura ce ta haihuwa: tantanin da ke ƙarƙashin harshen jariri ya yi gajarta ko tauri, harshen ba ya ɗaguwa sosai, wani lokacin ya hana shi kama nono yadda ya kamata. Mai fassara a nan ya bayyana wurin ƙarara, ƙarƙashin harshe, domin iyaye na iya ɗauka maganar beli ake yi, su nufi gidan wanzami. Beli a can saman maƙogwaro yake, ba abin da ya haɗa su. A Hausar ma akwai irin wannan tagwayen: "tongue twister" karya-harshe ne, irin na kwaɗo da ƙato da ƙoto, karin harshe kuwa shi ne bambancin Sakkwatanci da Kananci.

Akwai kuma "speaking in tongues", wanda ya samo asali daga sura ta 2 ta littafin Ayyukan Manzanni, kuma coci-cocin Fentikos suke nufin wani yanayi na addu'a da shi. Magana da harsuna ake cewa a bar shi a haka. Wanda ya juya shi zuwa iya yaruka da yawa ya sauya zancen, wanda ya ce surutai kuma ya yi wa masu addinin rashin ladabi.

Ɓangaren da ƙamusun ɗalibai ke taƙaitawa shi ne na kayan aiki, ga shi kuwa a nan kuskure ke jawo asara. Turanci yana kiran duk wani abu siriri da ya miƙo daga jikin wani "tongue". Na takalmi shi ne fatar da ke kwance ƙarƙashin igiya. Na ƙararrawa shi ne ƙarfen da ke lilo a ciki yana bugun gefe. A littafin mota, "insert the tongue into the buckle" na nufin a cusa ƙarfen bakin bel ɗin kujera cikin maƙallinsa har a ji ya ce ƙas. A aikin kafinta, "tongue and groove" haɗin katako ne na namiji da mace: gefen allo ɗaya an fitar masa da tsini a tsawonsa, ɗayan an yi masa kwari. Ka'idar da aka saba bi ita ce kaurin tsinin ya zama kashi ɗaya cikin uku na kaurin allon, wato allo mai milimita 18 a ba shi tsini mai milimita 6, a kuma zurfafa kwarin kaɗan fiye da tsawon tsinin. In ba a bar wannan sarari ba, katako ya sha danshin damina ya kumbura, tsinin ya tokare ƙasan kwarin, haɗin ya buɗe ko allon ya bankare.

A takardun tirela na Amurka, wato keken kayan da mota ke ja a bayanta, "tongue" shi ne ƙarfen gaba da ake maƙala wa mota, "tongue weight" kuma nauyin da wannan ƙarfe ke dannawa a kan maƙalin. Shawarar da aka saba bayarwa can ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar da kayanta, ke nan tirela mai kilo 1,000 ta danna kilo 100 zuwa 150. Idan ya gaza haka, alama ce kaya sun taru a baya, tirelar za ta fara wutsil-wutsil da zarar mota ta ɗauki gudu. Idan ya zarce, bayan motar ya zauna, gaban ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako. Takardun Ingila "nose weight" suke kiran wannan nauyi, da hanci maimakon harshe, kuma adadin da suke bayarwa ya fi na Amurka ƙanƙanta. Saboda haka kafin a fassara lambar, a fara duba ƙasar da aka buga littafin.