Louise Bennett da harshen da ta ƙi yarwa

A shekarar 1945, wata matashiyar marubuciyar waƙoƙi 'yar Jamaika mai suna Louise Bennett, wadda aka haifa a Kingston a 1919, ta samu gurbin karatu a RADA, shahararriyar makarantar koyon wasan kwaikwayo da ke Landan. A wancan zamani ɗan wasan da ya fito daga ƙasar da Ingila ke mulka yakan goge harshensa har ya yi kama da na Turawa, domin ta nan ne aiki yake fitowa. Ita kuwa da ta koma gida sai ta riƙe Patwa, harshen da talakawan Jamaika ke ciniki da faɗa da barkwanci da shi, wanda masu ilimin boko na lokacin suke ɗauka gurɓataccen Turanci ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta mai da gadon nan kayan ado ba. A wasannin barkwanci na ƙarshen shekara takan fito a matsayin macen kasuwa mai kaifin baki, da ɗankwali da zanen gargajiya mai ratsin ja, tana saƙa tatsuniyoyin Anansi, gizon da bayi suka tsallaka teku da labarinsa daga Afirka ta Yamma. Masu sukar adabi sun daɗe suna kallon ta a matsayin mai ba da dariya kawai, kuma a ganina wannan rashin adalci ne.

Daga 1970 zuwa 1982 ta gabatar da shirin yara a talabijin, inda suke rera waƙoƙin gargajiya da harshen gidajensu. Ta rasu a Toronto a 2006.