Abin da nake dubawa a matsayin jami'in rigakafin gobara na gunduma a Texas

A jihar Texas ta Amurka, gidaje da shaguna da masana'antun da ke wajen iyakar birni suna hannun gunduma ne. Majalisar kwamishinonin gunduma ce ke naɗa babban jami'in gobara, shi kuma ya ɗauki mataimaka irina. 'Yan kwana-kwana, waɗanda a karkara galibinsu 'yan sa-kai ne, su ke riƙe tiyo ranar da wuta ta tashi. Namu aikin yana gaba da wannan ranar da kuma bayanta: duba zanen gini kafin a kafa tubali, zagaya gine-ginen da jama'a ke taruwa, binciken musabbabin gobara, da shirin ko-ta-kwana. Cikin waɗannan duka, abin da ya fi cin lokacina, kuma na fi ba shi muhimmanci, shi ne hanyar fita.

Idan na shiga zauren taro, kafin in kalli tukunyar kashe gobara ko wayar lantarki, awo nake fara yi. A ce zaure ne mai tsawon ƙafa 50 da faɗin ƙafa 40, wato murabba'in ƙafa 2,000. In da tebura da kujeru za a zauna, ƙa'ida ta ba kowane mutum murabba'in ƙafa 15, ya kama mutum 133. In kujeru ne zalla a jere, 7 ne, mutum 285. In a tsaye za a cika, 5 ne, mutum 400. Zaure ɗaya ke nan, amma adadi uku. Daga nan sai ƙofofi. Wurin da zai ɗauki mutum 50 ko fiye dole ya kasance da ƙofar fita biyu, daga 501 uku, sama da 1,000 huɗu. Kowane mutum ana lissafa masa inci 0.2 na faɗin ƙofa, don haka ƙofa biyu masu inci 32 kowacce mutum 320 kawai za su fitar. Mai zauren zai ce ai wurin yana cin 400, ni kuma 320 zan rubuta a takardar da za a liƙa kusa da babbar ƙofa, domin ƙofa ce ke yanke hukunci. Ba a kuma yarda ƙofofin biyu su kasance kafaɗa da kafaɗa. Tazararsu sai ta kai rabin tsawon zauren daga kusurwa zuwa kusurwa, ko kashi ɗaya cikin uku in akwai famfunan feshin ruwa a silin, saboda kada wuta ɗaya ta tare su duka.

Kowace ƙofa da hannuna nake tura ta. Waje ya kamata ta buɗe, da turi ɗaya, ba mabuɗi, ba sakata, ba sai ka san wata dabara ba. Waɗannan ƙa'idoji da rayuka aka saye su. A 1911 mutum 146 suka mutu a masana'antar ɗinki ta Triangle a New York, inda aka kulle ƙofa a kan ma'aikata. A 1942 mutum 492 suka mutu a gidan rawa na Cocoanut Grove a Boston, ƙofa mai juyawa ta cushe. A watan Fabrairun 2003 mutum 100 suka mutu a gidan rawa na Station a jihar Rhode Island: tartsatsin wasan wuta ya kama soson da aka manna a bango don tare ƙara, jama'a kuma suka yi tururuwa zuwa ƙofar da suka shigo ta cikinta alhali akwai wasu. Ɗan Adam in ya firgita, hanyar da ya sani yake nufa. Shi ya sa nake matsa wa masu wuri su riƙa sanar da sauran ƙofofin da baki kafin a fara taro.

Matsalar da ta fi yawa a wurin 'yan'uwanmu baƙi ita ce canza amfanin gini. Jama'a sukan haɗa kuɗi su kama hayar tsohon shago su mai da shi masallaci ko coci. Shagon an gina shi ne don 'yan ciniki masu shiga da fita, ƙofa ɗaya a gaba, ɗaya a baya ta bi ta ɗakin ajiya. Yanzu ranar Juma'a ko daren tarawihi mutum 200 ne a ciki, takalma sun taru a bakin ƙofa, ƙofar baya an jingine mata kujeru da katan-katan na ruwa, ɓangaren mata kuma an kewaye shi da katanga ta yadda hanyarsu ɗaya ce tak. Doka ba ta lissafa hanyar da ta bi ta kicin ko ɗakin ajiya a matsayin mafita. In adadi ya kai 300 kuma, sai an sa famfunan feshin ruwa, kuɗin da kwamitin bai taɓa sa shi a lissafi ba. Abin da nake roƙon kowane kwamiti shi ne su kira ofishinmu kafin su sa hannu a takardar haya. Kantar takalma kuwa a kafa ta a gefe, nesa da bakin ƙofa, a kuma sa mutum guda ya tsaya a kanta ranar cunkoso.

Ziyarar da aka sanar ba ta nuna gaskiyar gini. Da safe za ka tarar an share, an kwashe komai. Wurin taro da daddare ake duba shi, lokacin da yake cike, a nan ne ake ganin sarƙa a ƙofar baya.

Sauran kayan duba suna da adadinsu. Fitilar gaggawa sai ta iya ci minti 90 bayan ɗaukewar wuta; ana gwada ta daƙiƙa 30 kowane wata, cikakken gwaji sau ɗaya a shekara, kuma batirin ne kusan kullum yake mutuwa ba wanda ya sani. Kada mutum ya yi tafiyar da ta wuce ƙafa 75 kafin ya kai ga tukunyar kashe gobara, a kicin kuma tukunyar musamman ta wutar man suya tana cikin ƙafa 30 daga murhu. Gaban akwatin lantarki a bar ƙafa uku fili. Kaya kada su matso ƙasa da inci 18 daga kan famfon silin, in ba haka ba ruwan ba zai bazu ba. Kan famfon yana da ɗan kwalba mai jan ruwa a ciki wanda ke fashewa a zafin digiri 68 na ma'aunin Celsius, kuma wanda zafin ya kai gare shi ne kaɗai yake buɗewa. Abin da ya fi kashe wannan tsari shi ne bawul ɗin da mai gyara ya rufe ya manta bai buɗe ba, don haka nakan je ɗakin bututun in gani da idona. A gidajen abinci nakan leƙa cikin rumfar zuƙe hayaƙi da tocila. Mai suya da itace ko gawayi wata-wata zai sa a duba ta a wanke in ta yi maiƙo, mai yawan suya duk wata uku, domin maiƙon da ya daskare a bututu shi ke kai wuta rufin gini.

Akwai ƙofar da aikinta rufuwa ne. A watan Janairun 2022 hita ta tada gobara a wani dogon bene a unguwar Bronx ta birnin New York, mutum 17 suka rasu, takwas yara ne, akasarinsu 'yan asalin Gambiya. Wutar ba ta yi nisa ba. Hayaƙi ne ya bi ƙofofin da ya kamata su rufe kansu amma suka tsaya a buɗe, ya cika matakala. Tun daga lokacin, duk ƙofar matakala da na tarar an tokare da katako, nakan cire shi, in sake ta, in tsaya har in ji ta kama.

Bayan an kashe wuta, bincike namu ne. Ana farawa daga inda ɓarna ta fi sauƙi a nufi inda ta fi tsanani, ana kwashe toka sannu a hankali, ana ɗaukar hoto kafin a taɓa komai. Littafin NFPA 921, jagorar masu binciken gobara, wanda ya fara fitowa a 1992, ya rushe alamomi da dama da a da ake cewa shaidar zuba fetur ce. Gilashin da ya yi tsattsage ƙanana, alal misali, ruwan sanyi ne ya taɓa shi yana da zafi. In hujja ba ta kai ba, "ba a gano musabbabi ba" nake rubutawa, domin rahotona yana iya kai mutum kurkuku.

Lokacin fari kuma muna bin ma'aunin bushewar ƙasa na Keetch-Byram, wanda ke tafiya daga 0 zuwa 800. In ya haura 600, ciyawa ta zama makamashi. Mu kan kai wa kwamishinoni shawara, su kuma su kafa dokar hana ƙone-ƙone a fili har zuwa kwana 90, tarar karya ta tana kaiwa dala 500.

Shirin ko-ta-kwana ya ta'allaka ne a kan sanin abin da ke ajiye a gundumarka. Dokar tarayya ta 1986 ta wajabta wa masu ajiye sinadarai masu haɗari su kawo rahoto kowace shekara kafin 1 ga Maris. Ranar 17 ga Afrilun 2013 wuta ta kama ma'ajiyar takin zamani a garin West da ke nan Texas, kimanin minti 20 bayan an kira 'yan kwana-kwana takin ya fashe, mutum 15 suka mutu, 12 daga cikinsu masu kai ɗauki ne. Takin yana cikin rumbunan katako, babu famfon feshin ruwa, masu kashe wutar kuma ba su da tsarin da aka shirya tun da wuri game da wurin. Saboda haka rahoton da ya zo ofis ba na barin sa a fayil. Nakan ɗauki shugaban 'yan kwana-kwanan yankin mu zagaya wurin tare, mu rubuta a shafi ɗaya abin da ke ciki da yawansa, inda ake kashe gas da lantarki, inda ruwa mafi kusa yake, gidaje da makarantun da za a kwashe, da kuma matakin da in wuta ta kai shi za a janye kowa a bar ginin ya ci. Kwafi ɗaya yana zama a cikin motar kashe gobara, ɗaya a ɗakin amsa kiran gaggawa na 911, kuma ana sabunta shi duk lokacin da kamfanin ya ƙara kaya ko ya sauya ma'ajiya.