Kada ka faɗa wa dilan mota abin da za ka iya biya a wata

Ranar Asabar ɗan ƙanwata ya zo mini da hoton wata mota a waya, yana ta jan hoton da yatsu yana nuna mini fitilunta. Na tambaye shi nawa ce. Ya ce, "Kawu, a wata ba wani abu ba ne." Na ce kuɗin motar gaba ɗaya nake tambaya. Ya yi shiru. Sati biyu yana zarya wurin dila, bai san farashin abin da zai saya ba. Gabana ya faɗi, domin da irin wannan bakin ni ma na shiga ciniki shekara 15 da suka wuce.

Ranar da na je, mai sayarwar bai fara da maganar kuɗi ba. Makulli ya miƙo mini, ya ce in zaga da ita. Ledar kujeru ma ba a cire ba, ga ƙamshin nan na sabuwar mota ya cika ciki. Kafin mu dawo na riga na saye ta a zuciyata, kuma ya gani a fuskata. Ya zaunar da ni, ya ja layi biyu a takarda, ta rabu gida huɗu: farashin mota, kuɗin tsohuwar motata da zan bayar musaya, kafin alƙalami, da biyan wata. Ya ɗora biro a gidan ƙarshe ya ce, "Yallaɓai, nawa za ka iya a wata?" Na faɗa masa.

Ya tashi wai zai roƙi manaja, ya bar ni kusan minti 20 ina kallon motar ta gilashi. Ya dawo da adadin da na faɗa, daidai. Har godiya na yi masa. Ashe bashin ya miƙe daga wata 48 zuwa wata 72. Farashi bai motsa ba, kuɗin ruwa ne ya samu ƙarin shekara 2 yana hawa. Ɗan abin da ya ƙara mini a kan tsohuwar motata kuwa, rangwamen da ya kamata in samu a sabuwar ne ya ɗauko ya mayar can. Daga nan aka kai ni ofishin takardun bashi, a gajiye, aka riƙa ɗora mini ƙarin garanti da maganin kare fenti, kowanne a ce ɗan abu ne a wata. Na riƙa sa hannu.

Amma a yi mini adalci. Tsohuwar motar sau uku tana mutu mini a hanya da dare, mai ɗakina da tsohon ciki. Wanda ke cikin wannan hali ba ya da sararin jan ciniki, kuma ba ni da wanda zai zaunar da ni ya yi mini bayani. Sabuwar motar ta yi mini hidima, ba zan ci amanarta ba. Sai dai duk wannan bai hana ni ɗaukar biro in ninka biyan wata sau 72 ba, aikin minti ɗaya. Ban yi ba don ina tsoron abin da zan gani. A shekara ta uku da na matsu na so in sayar da ita, sai na tarar bashin da ya rage ya fi abin da za a taya ta, domin sabuwar mota a shekarunta na farko darajarta ta fi zubewa.

Na yi niyyar jera wa yaron shawara goma, ga abin da ya fito. Ka sa a rubuta maka jimillar kuɗin da za ka biya ka fita da mota, da haraji da kuɗin takardu duka, ka kai wa dila na biyu da na uku. Kada ka ambaci musaya ko bashi sai an tsayar da farashi, kuma ka fara jin abin da banki zai ba ka. In aka ce rangwamen na yau ne kawai, tashi ka tafi, za su kira ka. Ƙarshen wata ya fi, lokacin suna neman cika adadin da aka ɗora musu, amma kada ka bari kalanda ta sa ka gaggawa. Ƙarin garanti, ƙi shi. Ko da yake wanda na saya ne ya biya mini gyaran giyar motar a shekara ta biyar, don haka karanta abin da ya ƙunsa tukuna, ka yi cinikinsa shi kaɗai.

Abin da ke ci mini rai, ku yaran yanzu farashin kowace mota yana cikin aljihunku, da manhajar lissafin bashi, amma hoto kuke kallo. Mu da jahilci aka ci mu, ku fa? Ina magana yana duba waya, mai sayarwar ne ya turo saƙo cewa shuɗiyar guda ɗaya ta rage. Na ce masa ranar Litinin tare za mu je, kuma kada ya taɓa makullin nan sai takardar jimilla tana hannuna.