Talata: gidaje biyu da ake son mayarwa shaguna

Ruwan daren jiya bai gama tsanewa ba aka zauna a ƙofar gidan mai unguwa, nan Unguwan Rimi, kan maganar faɗaɗa rukunin shagunan bakin titi. Mai shagunan ya sayi gidaje biyu da ke bayansu, kowanne ƙafa 50 a 100, yana son ya rushe ya ƙara shaguna 24, sama da ƙasa. Ya zo da zanen gini a naɗe, amma takardun filayen har yanzu na gidan zama ne.

Nan gizo ke saƙa. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filin birni yana hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma kowace takardar shaidar mallaka tana ɗauke da abin da aka ba da filin dominsa. Sayen gida ba ya sauya wannan. Sai an je KADGIS, hukumar filaye ta Jihar Kaduna, an mayar da sunan mai saye, an nemi haɗe filayen su zama ɗaya, an nemi sauya manufa daga zama zuwa kasuwanci, an biya tsohon bashin kuɗin ƙasa in akwai. Izinin gini kuma na KASUPDA ne, hukumar tsara birane ta jihar, da zanen mai tsara gini da na injiniya. Wanda ya fara zuba bulo kafin wannan, jan fenti ne zai tarar a bango, kuɗin siminti kuma ya tafi.

Mai unguwa ya ce, "Alhaji, motocin fa, ina za su tsaya?" Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, ai akwai bakin titi." Ni a ganina wannan amsar ce ta kashe zanen. Mota ɗaya na cin mita 2.5 a 5, hanyar juyawa a tsakiya kuma wajen mita 6. Fili ɗaya mai ƙafa 50 a 100 bai wuce murabba'in mita 465 ba, ko an bar shi fayau da ƙyar ya ɗauki mota 18. Masu shaguna 24 kaɗai sun cika shi kafin mai saye ya iso, ban da 'yan Keke da motar sauke kaya. Layin kuwa mota biyu ba sa wuce juna sai ɗaya ta raɓe.

Sai ruwa. Gidajen nan biyu suna da tsakar gida ta ƙasa da bishiyun mangwaro, suna shanye rabonsu. In aka rufe murabba'in mita 930 da kwano da daɓen siminti, ruwan sama na milimita 30 zai zubo da lita kusan 28,000, duk cikin kwatar da aka yi wa gidajen zama. A Agusta wannan ba baƙon ruwa ba ne. Gidan da ke gangare shi zai sha, alhali ba shi da ko shago ɗaya a ciki.

Taransifoma ma an taɓo ta: firiza, na'urar sanyaya ɗaki da injin walda a kan layin wutar da dama yake kuka. Janareto kuma a zanen an jingina shi da katangar maƙwabci, daidai tagar ɗakin kwana.

Wani ya ba da shawarar a bar gida ɗaya a ɗora masa bene don rage kashe kuɗi. Injiniyan da ke wurin ya girgiza kai: harsashin gidan ƙasa, da bulo inci 6 babu ginshiƙai, ba ya ɗaukar nauyin kankaren bene. Sai an gwada ƙasa an sake tushe.

An tashi dab da azahar a kan cewa fili ɗaya ya zama wurin ajiye motoci, shaguna su koma 12, a faɗaɗa kwata har inda ta haɗu da babbar magudana, janareto ya dawo gaba. Alhaji bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya naɗe zanensa ya ce zai dawo ranar Asabar.