Zama aji ɗaya ba shi ne samun aboki ba

Abin da ke hana iyayen yaro mai buƙata ta musamman barci sau da yawa ba karatu ba ne. A tambaye shi da wa ya yi wasa yau, ya sunkuyar da kai, nan ne zuciya ke karyewa.

Iyaye, doka tana bayanku. Legas ta yi tata a 2011, wadda ta haifar da LASODA, hukumar jihar mai kula da masu buƙata ta musamman, kuma a Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan ta tarayya mai hana nuna musu wariya. Sai dai doka kujera take samar wa yaro, ba ta sa wani ya ce masa zo mu buga ƙwallo.

Ku nemi izinin shugaban makaranta ku je lokacin hutun cin abinci, ba lokacin darasi ba. Ku tsaya daga nesa, minti 15, kwana 3 daban-daban. Ina yake tsayawa? Wa ke kiran sunansa? Idan kullum yana jikin bango rungume da kular abincinsa, to akwai aiki.

Kuskuren da aka fi yi yana wajen malamar da ake biya ta riƙa kula da shi. Ta manne masa kamar inuwa, yara su koma yi mata magana maimakon shi. A ce ta ja baya taku 3, ta sa baki kawai idan abu ya cije. Malamin aji kuma ya zaɓi yara 2 masu haƙuri, ba 1 ba, don ɗaya gajiya yake yi, ranar da bai zo ba kuwa an koma gidan jiya. A ba su aiki tare, kamar raba littattafai. Ban da sayen abota da biskit, da ya ƙare an watse.

Ga kuma harshe. Yaron Agege ko Idi-Araba Hausa yake ji a gida, filin wasa kuwa Yarbanci ne da broka. A koya masa kalma 1 a mako: "wá" wato zo, "jókòó" wato zauna, da "oya".

Yaro mai galahanga (wato autism) da ke toshe kunne a asambile ba rashin kunya yake yi ba, ƙarar ganga da ƙararrawa ce ke damunsa. A tsayar da shi a ƙarshen layi, nesa da masu kiɗa, kusa da ɗaya daga cikin yaran nan 2.