Godiya bayan daren Keauhou

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi mun dawo gida lafiya daga tsibirin Hawai tun daren Lahadi, kuma Auta ya shiga tekun a gaɓar Keauhou, inda ake kallon wani ƙaton kifi da ake kira manta. Da wannan na fara saboda masu aiko saƙo suna tambaya, "To, ya shiga kuwa?" Ya shiga. Kusan minti arba'in ya yi kwance a kan ruwa cikin duhun dare, ya fito yana rawar ɗari yana dariya lokaci guda. Tun a jirgin dawowa nake ta lissafa mutanen da ke da hannu a wannan abu, na ga idan na ce zan bi kowa da waya zan manta da wani, shi ya sa na zauna na rubuta.

Waɗanda suka san mu a nan Seattle sun san abin da ya faru shekara biyu da suka wuce. Yana ɗan shekara bakwai santsi ya kwashe shi, ya faɗa wajen da ya fi zurfi a wurin ninƙaya, ana tsakiyar walimar wani yaro. Ina tsaye ban fi taku goma da shi ba, na juya baya ina zuba wa baƙuwa lemo. Maƙwabciyata Maman Biyu ce ta hango hannunsa, ta faɗa ruwan da abayarta da takalminta, ta jawo shi. Maman Biyu, ke ce ta farko a wannan godiya. Kin hana ni maimaita zancen a gabanki, kin ce ai ɗanki ne. To yau na faɗa a gaban jama'a. Allah Ya raya miki tagwayenki, Ya kawo musu mai tsamo su duk ranar da suka shiga ƙunci.

Jikinsa ya warke cikin kwana biyu, amma tsoron ya zauna. Wanka sai an yi da lallashi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne alwala: idan ya zo wanke fuska sai ya runtse ido, ya ɗauke numfashi, hawaye na zuba. Babansa ne ya dage a kai shi koyon iyo, ni kuwa na so a ƙyale shi. A Kano na tashi, inda ake ja mana kunne kan kududdufi tun muna ƙanana, a ganina nisantar ruwa shi ne maganin ruwa. Shi ya fi ni gaskiya. Abbansu, na gode da ba ka biye mini ba, kuma ba ka taɓa goranta mini ba.

Malamar iyon wata dattijuwar Baturiya ce a wurin ninƙayar unguwarmu. Mako uku na farko ba ta sa shi a ruwa ba sam. Suna zaune a baki, ƙafafu a ciki, suna hira kan motoci. Daga nan ta koya masa hura kumfa da baki, sannan da hanci, sannan ya tsoma fuska ya ƙirga uku. Na taɓa yi mata ƙorafi cewa kuɗi na tafiya, yaro bai iya komai ba. Ta ce mini yaron da aka tura ruwa da ƙarfi zai iya koyon iyo, amma ba zai daina tsoro ba, ita kuma tsoron take son cirewa. Sama da shekara muka yi muna zuwa duk Asabar. Ba ta jin Hausa, amma yayarsa ta yi alkawarin fassara mata wannan sakin layi.

Sai Yaya, wato Kawunsu na Atlanta. Shi ya kai yaran Georgia Aquarium, wato gidan kallon halittun ruwa da ke can Atlanta, inda ake da wani makeken tanki mai bangon gilashi, kuma a nan Auta ya fara ganin manta, kifin nan mai faɗi da ke da fukafukai kamar tsuntsu. Yaya ya ce yaron ya ƙame a gaban gilashin, can ya ce, "Kawu, wannan tsuntsu ne ko kifi?" Da ya ji cewa akwai wani wuri a Hawai da mutane ke kwanciya kan ruwa da dare kifin yana zuwa dab da su, sai ya ce yana so. Yaya ya ce, "Ranar da ka yi iyo daga wannan bango zuwa wancan ba tare da ka riƙe kowa ba, ni zan biya jirgi." Mu duka mun ɗauka magana ce ta ƙarfafa wa yaro gwiwa. Da ranar ta zo muka tura masa bidiyo, kafin magariba ya turo tikiti huɗu. Yaya, Allah Ya ƙara buɗi, Ya sa 'ya'yanka su yi maka fiye da haka.

Hajiya, kakarsu da ke Yola, ba ta so tafiyar ba da farko. Da aka nuna mata hoton kifin a waya sai ta ce, "Wannan ai kunamar ruwa ce! Ku rasa inda za ku kai mini jika sai wajen kunamar ruwa, kuma da dare?" Ba ta yi kuskure ƙwarai ba, domin dangi ɗaya ne da kunamar ruwan da masuntan Binuwai suka sani, mai ƙaya a wutsiya. Sai dai manta ba ta da wannan ƙaya, ba ta harbi, ba ta cizo. Abincinta wasu ƙananan halittu ne da ke yawo a ruwa, waɗanda da ƙyar ido ke gani, ana ce musu falankton. Buɗe baki take yi tana tafiya, ruwa ya shiga ya fita ta matatar da ke cikin maƙogwaronta, abincin ya tsaya. Sai da babansu ya yi wannan bayani sau biyu, sannan Hajiya ta ce a ba ta yaron, ta yi masa addu'a mai tsawo ta waya. Hajiya, mun gode da albarkar da kuka sa mana. Mun ga amfaninta.

Tafiyar kusan awa 6 ce a jirgi daga Seattle zuwa Kona, a yammacin babban tsibirin Hawai. Kana sauka abin da za ka fara gani baƙin dutse ne shimfiɗe ko'ina, narkakken dutsen da tsaunuka suka amayo ya daskare. Kwana biyu muka yi muna zuwa gaɓar Kahalu'u da rana, inda ruwa ba zurfi, domin ya saba da gilashin fuska da bututun numfashi. Iyaye, wannan shawara ce daga zuciyata: kada ku kai yaro wannan abu na dare alhali bai taɓa numfashi ta bututu da rana ba. Mun ga yarinyar da aka yi wa haka, ko minti biyar ba ta yi ba aka mayar da ita jirgi tana kuka, kuma ba laifinta ba ne.

Bayan mun yi magariba muka hau ƙaramin jirgin ruwa a Keauhou. Wurin ba nisa, 'yan mintuna ne daga gaɓa. A hanya wata matashiya 'yar asalin tsibirin, wadda ita ce za ta shiga ruwa da mu, ta yi mana bayani. Ta ce a harshensu sunan kifin hahalua. Tun shekarun 1970 wani otal da ke bakin wannan gaɓa ya riƙa haska ruwa da fitilu, hasken ya tara falankton, falankton ya jawo manta, har suka saba da zuwa cin abincin dare a wurin. Kowace manta tana da ɗigo-ɗigo a farin cikinta da ba ya kama da na wata, da shi masu bincike suka gane fiye da 200 a wannan gaɓa, suka raɗa musu suna. A cikinsu akwai wadda aka raɗa wa suna Lefty, da aka fara ganewa a 1979. Ta ce tun 2009 doka ta hana kashe su ko kama su a ruwan Hawai, kuma dalili a bayyane yake: uwar takan yi kusan shekara da ciki, ta haifi ɗa guda, sannan ta huta shekaru kafin wani. Sai ta kafa mana doka ɗaya, kada wanda ya taɓa su. Akwai wani yauƙi a fatarsu da ke kare su daga cuta, hannun mutum yana goge shi.

Ga yadda abin yake. Ana saka wani faffaɗan allo mai yawo a kan ruwa, fitilu a ƙarƙashinsa suna haska ƙasa, da mariƙi a kewaye. Kowa ya sa rigar roba mai riƙe ɗumi, ya kama mariƙin, ya kwanta rub da ciki, a sa masa wani dogon soso a ƙarƙashin idon sawu don kada ƙafa ta nutse ta bugi kifin. Zurfin wurin kamar mita 10 ne.

Yayarsa ta sauka, babansa ya sauka. Da aka zo kan Auta sai ya tsaya a matakala ta biyu, ya ƙanƙame ƙarfe. Ruwan baƙi ƙirin, jirgi na tangaɗi. Na ga fuskar nan ta lokacin alwala ta dawo. Ya ce, "Ummi, ba zan iya ba." Wallahi har na buɗe baki zan ce a bar shi.

Matashiyar nan tana cikin ruwa, ta matso gindin matakalar. Ba ta ja shi ba, ba ta ce masa ya zama jarumi ba. Cewa ta yi ba dole sai ya shiga ba, idan ya zauna a jirgi ma zai hango su. Amma ta roƙe shi abu guda: ya riƙe ƙarfen yadda yake, ya tsoma fuska kawai, ya ƙirga uku, ya gaya mata abin da ya gani. Ƙirga uku, abin da malamarsa ta yi wata da watanni tana koya masa, alhali ba su taɓa haɗuwa ba. Ya tsoma. Bai ɗago a uku ba. Da ya ɗago ya ce ruwan ba baƙi ba ne, shuɗi ne, kuma akwai abubuwa masu ƙyalli kamar ƙura a hasken taga. Ta miƙa masa kafaɗa, ya saki ƙarfen. Ita ta ja shi har allon, ta ɗora hannunsa kusa da nawa, kuma ba ta bar gefensa ba har muka fito, ga mutum goma sha wani abu a wuyanta. Ban tambayi izinin faɗin sunanta ba, don haka ba zan faɗa ba. Na rungume ta a jirgi, Turancina ya gudu, da Hausa na yi mata addu'a.

Mun yi kamar minti goma ba komai sai ƙananan kifaye. Can sai wani abu fari ya taso daga ƙasa, a hankali, yana kaɗa fukafukai kamar ba ya so ya motsa ruwan. Faɗinta ya fi mita 3, ta fi tabarmar falonmu. Baki a buɗe, kana hango har cikin haƙarƙarin maƙogwaronta, ga wasu fiffike biyu a gaban kai tana karkato ruwa da su zuwa baki. Ta nufo mu kai tsaye, saura ƙiris ta taɓa gilashinsa sai ta yi alkafura ta baya, farin cikinta ya wuce ƙasa da taƙi ɗaya daga fuskarsa, ta gangara ta sake tasowa. Na damƙe hannunsa ina jiran ihu. Abin da na ji ta cikin bututun dariya ce, irin wadda rabona da jin ta a kusa da ruwa tun yana ɗan shekara shida. Gilashina ya cika da hawaye, sai da na ɗago na zubar. Uku suka zo a daren, suna bin juna suna juyi a cikin hasken, ni kuwa ban iya cewa komai ba sai Subhanallah.

Abu ɗaya bai yi mini daɗi ba. Jiragen sun yi yawa a wurin, kuma a allon da ke kusa da namu na ga wani babban mutum ya miƙa hannu ya shafi bayan ɗaya, bayan duk gargaɗin da aka yi. Auta ma ya gani, ransa ya ɓaci ƙwarai. Yaro ɗan shekara tara ya dunƙule hannunsa a kan mariƙi, kifin na wucewa dab da hancinsa, saboda an ce masa taɓawa na cutar da ita. Ina ganin waɗanda ke kula da wurin ya kamata su rage yawan masu shiga a dare ɗaya, ko da hakan zai sa irinmu su daɗe suna jiran layi.

Ina godiya ga direban jirgin da ya lulluɓe yaran da tawul ya miƙa musu koko mai zafi, da wata tsohuwa 'yar Japan da ta ga jiri ya kama yayarsa ta ba ta alewar citta daga jakarta. 'Yata, ke ma na gode. Kina fama da tashin zuciya amma kika ƙi fita daga ruwa don kada ƙaninki ya ga kin fita ya karaya. Matan unguwa da suka riƙa kai shi darasi lokacin da nake aikin dare, da Anti da ta kwana mana a gida muna can, Allah Ya saka muku da alheri, Ya bar zumunci.

Hajiya, hotunan na nan tafe, za a tura ta wayar Baffa. Maman Biyu, Auta ya ce hoton farko da aka wanke naki ne, wanda mantar ke juyi a ƙarƙashinsa. Gobe bayan la'asar zai kawo miki da kansa.