Yaron da ba ya kuka

Laraba. Da farin ciki na tashi, domin jiya da dare saƙo ya shigo cewa mujallar nan ta karɓi takardarmu, bayan gyara har sau uku. Farfesa ma ya bugo waya da kansa, abin da ba halinsa ba ne. Laccar ƙarfe 9 lafiya lau. Taron sashe kuwa, a bar kaza cikin gashinta.

Da rana muna zaune da ɗalibata muna shigar da amsoshin iyaye mata a kwamfuta, tambayoyin nan na halin jarirai da masaniyar halayyar yara Mary Rothbart ta fara fitarwa a 1981, waɗanda fassararsu ta ba mu wuya. Sai ta tuntsire da dariya ta miƙo min wata takarda. Uwar ta rubuta a gefe da biro: "Wannan ba ya kuka, har mantawa nake yana ɗaki."

"Dakta, ga ɗan albarka. Da duk haka suke ai da iyaye sun huta."

Na ce, "Ke, kin karanta abin da na ba ki kan Masai kuwa?" Ta sunkuyar da kai.

Dole na faro mata daga tushe. Wasu masu bincike biyu, Thomas da Chess, sun fara bin diddigin halin yara a New York tun 1956, suka kasa su: kimanin kashi 40 cikin ɗari masu sauƙin hali, kashi 15 masu ɗari-ɗari kafin su saba, kashi 10 masu wuyar sha'ani, wato masu kuka da rikici. Sauran ba su shiga kowane rukuni ba. Sai Marten deVries ya ɗauki wannan ma'auni ya tafi wurin makiyayan ƙabilar Masai a Kenya a 1974, ana tsakiyar fari. Ya ware jarirai mafi sauƙin hali da mafi rikici. Da ya koma bayan 'yan watanni, shanu sun mutu, yara ma an rasa, kuma akasarin waɗanda aka rasa masu haƙurin ne. Mai tsala ihu shi ake ɗauka a ba nono. Yaran kaɗan ne, na sani, kada wani ya zo min da maganar lissafi. Amma tun ina digiri na biyu labarin nan yake cina.

Ta yi shiru, can ta ce, "To Dakta, wa ya yanke cewa mai kukan ne mai matsala?"

Na ce wanda aka hana barci. Muka yi dariya. Tawa dai ba ta kai ciki ba.

A mota na kasa kunna rediyo. Sau nawa na yi wa mutane alfahari da auta, cewa shi ba ruwansa, inda ka ajiye shi nan za ka same shi? Yayarsa ce mai ƙorafi, ita nake sani idan takalmi ya matse ta ko wata ta harare ta a aji.

Na tarar da shi a ƙasa yana zane. Na zauna kusa da shi, ya ɗago ya yi min murmushi, sai ga giɓi a gaba.

"Kai, yaushe haƙorin nan ya fita?"

"Tun Litinin, Mama."

Gobe asibiti, mutum huɗu ke jirana. Ban buɗe fayil ko ɗaya ba.